Ƙwan da Saje Ya Goge

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, ita ce shekarar da aka miƙa mini nawa sojan. Maigidana ya yi ritaya yana saje, ya dawo gidanmu na Sabon Tasha da akwatin ƙarfe ɗaya da takalman fareti, da kuma murya wadda ba ta san ana magana a hankali ba. Ƙasa ta huta da oda, ni kuwa a lokacin tawa ta fara.

Da farko ya gwada yara. Ya ce kowa ya tashi da asuba ya gyara gado. Yaran sun riga sun girma, suka ce "To, Baba," suka juya suka ci gaba da barci. A coci ya nemi ya tsara yadda mata za su riƙa fita layi, matan zumunta suka nuna masa su ma suna da nasu janar. Daga nan sai ya yi shiru. Ya ɗauki kujera ya ajiye a gindin mangwaro, rediyo a cinya, tun safe har rana ta faɗi. Shirun nan ya fi ihunsa tayar mini da hankali, domin na ga yadda zaman banza yake cin maza irinsa.

Ni kuwa ina da kajina na gida a bayan ɗaki, ba sa barina in zauna. Ƙwansu nake tarawa in kai wa wata Madam 'yar Ibo mai shago a Kakuri, ita kuma ta sayar wa masu jego da tsofaffin da suka rantse ba za su ci ƙwan agirik ba. Ƙwan gida ba a wanke shi. Yana fitowa da wata 'yar riga da ido ba ya gani, in ruwa ya cire ta, zafin Kaduna zai lalata shi nan da nan. In kashi ya yi yawa, a ɗan kankare da busasshen tsumma, shi ke nan.

Wata safiya na dawo daga ɗibar ruwa na tarar da Saje tsugune gaban baho, da sabulu da soso, yana yi wa ƙwaina wanka ɗaya bayan ɗaya. Ya jera su a kiret, ƙanana a gaba, manya a baya.

"Maman yara," in ji shi, "ashe haka kike kai wa mutane abinci da kashi a jiki? A bariki da an kulle ki."

Na ɗauki kiret na nufi Kakuri. Madam ta ɗaga ƙwai ɗaya, ta juya shi, ta dube ni sama da ƙasa.

"Kwastoma, yau ni za ki yi wa wayo? Wannan na agirik ne, ƙananan nan na kazar da ta fara ƙwai. Ina kashi? Ina gashi? Mutanena in ba su ga datti ba, ba za su saya ba o."

Na yi rantsuwa har na gaji, ta ce in kwashe kayana. A motar dawowa na shirya masa magana tsaf, har da karin magana: garin neman gira an rasa ido. Ina shiga gida na ji fito. Saje ne a cikin akurki, ya share, ya zuba sabon ƙaiƙayi, yana yi wa zakara faɗa kan rashin ɗa'a. Rabon da in ji fitonsa tun ranar da ya tuɓe kaki. Maganar da na ɗauko tun daga Kakuri sai na ajiye ta a bakin akurki. Tausayinsa ya kama ni, abin da kawai na iya cewa shi ne ruwa yana ɓata ƙwai, ya riƙa gogewa a bushe kamar takalmi.

Kaicona da wannan kwatance! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana goge takalmi aka ba wa ƙwai. Suka koma sheƙi fiye da na wanki.

To, dabara ta rage ga mai shiga rijiya. Kullum in ya gama ya miƙo mini kiret, sai in zagaya bayan akurki da tsinke, in ɗan shafa wa kowane ƙwai abin da ya sha wahalar cirewa, in manna gashi nan da can. Madam ta duba ta ce yanzu na dawo hanya. Shi yana gogewa, ni ina ɓatawa, kajin suna kallonmu. Haka muka cinye damina guda.

Ran nan ina tsugune da tsinkena, sai inuwa ta rufe ni. Na ɗaga kai, ga Saje, hannuwa a baya. Ba faɗansa nake tsoro ba, kujerar gindin mangwaro nake tsoro. Na kwashe komai na gaya masa. Ya ɗauki ƙwai ɗaya ya daɗe yana dubawa.

"Wannan aikin banza ne," ya ce. "Kin sa wa kowanne a wuri ɗaya. Wace kaza ce take kashi da ma'auni? Ɓad da kama aikin soja ne. Ba ni tsinken."

Na ce tun da haka ne, ai sai a bar ƙwan yadda kaza ta ajiye shi, kowa ya huta. Ya juya ƙwan a hannunsa, bai dube ni ba.

"In an bar shi haka, Maman yara, ni me zan yi da safe?"

Na miƙa masa tsinken, na je na ɗebo masa gashi.