Alwalar Baba Inuwa

Kafin in lalace, ni mai sayar da kayan ƙamshi ne a Kasuwar Kurmi, a rumfar da na gada wurin mahaifina. Allah ya ba ni baki, ni kuma na ɗauka wayona ne. Da zuma na fara. Ina ƙara mata narkakken sukari, masu saye suna yabawa, ni ina dariya a ciki.

Daga nan na sa ido a kan masu ciwon zuciya, waɗanda ƙafafunsu ke kumbura, numfashi yana yi musu wuya. Wasunsu likita kan ƙara musu ƙwayoyin gina jiki, irin su bitamin da man kifi, a kan maganinsu na asali. Ƙari ne kawai, na san haka sarai. Sai na riƙa sayen kwanson kafso ina ɗura garin zogale da kanwa, in zuba a kwalabe masu kyau, in ce daga waje aka kawo.

Baba Inuwa maƙwabcinmu ne a Zaitawa, tsohon marini a Ƙofar Mata, aminin mahaifina. Shi ya karɓa mini aure. Da ciwon ya kama shi, aka ba shi maganin da ke fitar da ruwa daga jiki, mai sa yawan fitsari. Wata rana na shiga zaurensa gaisuwa, ya ce, "Ɗana, ba ciwon ne ya dame ni ba, alwala ce ba ta zama. Tun ina saurayi nake sahun gaba, yanzu sai bakin ƙofa, don kada in yi ta tsallake mutane."

Na miƙa masa kwalba ɗaya na ce, "Baba, ai sauƙi ya zo. Ka sha wannan, ka ajiye na asibiti."

Ya ce likita ya hana shi dainawa. Na ce likita bai san wannan ba, sabon fitowa ne. Bai ko tambayi abin da ke ciki ba, tunda ɗan amininsa ne ya faɗa.

Fitsari ya ragu. Ya koma sahun gaba, yana riƙe alwala daga Magariba har Isha'i, ruwa kuwa yana ta taruwa a jikinsa. Da idona na ga ya tsaga takalminsa saboda ƙafa ta ƙi shiga. Na gani, na kau da kai. Da numfashi ya gagara aka kai shi asibiti, bai dawo ba. Babban ɗansa ya nuna wa likitoci kwalbar, 'yan sanda suka ɗauke ni da rana tsaka a gaban maƙwabtan rumfa.

A gidan yari ba yunwa ce ta fi cina ba, kaɗaici ne. Matata ta koma gidansu, 'yan'uwa suka ɗauke ƙafa. Ranar ziyara ana kiran sunaye, ban taɓa jin nawa ba. Duk sanda na ɗauki buta zan yi alwala, sai in tuna shi.

Da na fito, na je neman gafara wurin matarsa. Daga bayan labule ta amsa mini. Ta ce, "Ni dai ban iya cewa na yafe ba tukuna. Amma shi, har ya kwanta, kowace sallah sai ya sa maka albarka. Cewa yake yaron nan ya mayar da ni sahun gaba."

Wallahi da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Matasa, na tuba, kuma ku nake jiye wa. Ƙaramin ha'inci ne ya kai ni nan. Kada ku ci abinci da ciwon mutum, kada ku ce wa mara lafiya ya ajiye maganin likita saboda wata ƙwayar ƙari, ko da ta gaske ce. Yanzu dako nake yi a kasuwa. A masallacin unguwarmu kuwa bakin ƙofa nake tsayawa, inda Baba Inuwa ya gaji da tsayawa. Ba wanda ya kore ni daga gaba, ni ne ba na iya ƙarasawa.