Fensirin Mai Laburare

Shekara ashirin da shida ta yi a laburaren makarantarmu, ɗaki ɗaya mai taga uku da wata fanka da ta fi ƙwarewa a kuka a kan ba da iska. Ɗalibai Mai Fensir suke ce mata, don kullum da guntun fensir soke a ɗankwalinta. Mu malamai kuwa Yaya muke ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Littattafanmu tsofaffi ne, wasu sun girmi iyayen yaran. Sababbin kuma kullum suna hanya, har yau ba su iso ba. Sai ta samo tata dabarar. In ta ga bayani ya tsufa, sai ta yi ɗan rubutu a gefen shafin: "Wannan ƙidayar ta daɗe, duba shekarar da aka buga littafin." Ko kuma: "Koren littafin da ke kanta ta uku bai yarda da wannan ba. Karanta su biyun." Amsar dai ba za ta taɓa rubutawa ba. Yaro ya kawo mata abin da ya tsinto a waya, haka za ta tsare shi da tambaya: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, shi a ina ya ji?

Ni da nake koyar da labarin ƙasa, aji biyar a wuyana, na sha yi mata mita.

"Yaya, ki rubuta daidai ɗin mana kowa ya huta."

"In na tauna musu, ke za ki haɗiye musu?" in ji ta, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Gaskiya ɗaya ce, rabin darussana daga gefen shafinta na kwaso su. Ban taɓa gaya mata ba, girman kai ya hana.

Da lokacin ritayarta ya zo, sai aka ce ta miƙa littattafai kafin a sa hannu a takardar sallamarta. Sabon shugaban makaranta ya shigo da fom, ya buɗe littafi ɗaya, ya buɗe na biyu, ya cire tabarau. Ba mugu ba ne, tsoron masu duba makarantu ne ya yi masa yawa.

"Yaya, fom ɗin nan cewa ya yi littafi ba yaga, ba rubutu a ciki. In suka zo suka ga wannan, ni za su kama."

"Ranka ya daɗe, ai fensir ne."

"Shi ya sa na ce abin ya zo da sauƙi. A goge kawai."

Na kai maganar ɗakin malamai da zafina. Kowa ya ce Allah ya kyauta, ya mayar da kai kan makin jarrabawa. Ni ma da nake ta cika baki, jarumtata a ƙofar ofishin shugaban ta ƙare. Na tsaya, na ji yana waya, na juyo.

Mako uku ta yi tana gogewa. Takan zauna gefen taga da kilina a hannu, ƙafarta mai ciwo a kan kwali, garin roba ya taru a cinyarta. Duk rubutun da za ta goge sai ta karanta shi tukuna, leɓenta na motsi. In ba ni da aji nakan je in taya ta, ba don kirki ba, don kunya.

Ran nan sai na ga ta daɗe a shafi ɗaya.

"Nan kuskure na yi," ta ce. "Ya fi shekara goma yana nan, ba wanda ya kama ni. Ke ma ba ki kama ni ba."

Wannan ya fi gogewar ci mata rai. Ta goge shi da ƙarfi har takardar ta nemi hujewa.

Ranar wata Alhamis ta miƙa makulli, aka sa mata hannu, aka yaba mata da tsabtar littattafai. Ta ce ta gode, ta ɗauki jakarta.

Da aka dawo hutu, na shiga laburaren shirya darasin koguna. Na buɗe littafin da na saba, idona ya tafi gefen shafi da kansa, ya tarar da shi fari fat. Na san akwai rubutu a wurin, na san ta ce wani abu a shafin nan ya tsufa. Na kai littafin taga, na karkata shi ga haske. Sawun fensirin yana nan kaɗan-kaɗan. Na iya karanta "duba", sauran ya tafi.

Aka kaɗa ƙararrawa. Na shiga aji na rubuta musu shafin a allo kamar yadda yake, layi bayan layi. Yara hamsin suka duƙa suna kwafa, ni kuwa ina tsaye da alli a hannu, ban san wane layi ne ba daidai ba.