Sunan da Inna ta ƙi faɗa a ofishin jakadanci

Waye a cikinku ya taɓa yi wa mahaifiyarsa tsawa a bakin titi? Ni na yi, a Abuja.

An yi wa yayana tiyata a Turai, yana son Inna ta je jinya. Aka ce mu ɗauki lauya, na ce lauyan me? Ni na karance dokokin biza a waya, na haɗa takardu, na yi ta koya mata amsoshi tun daga garinmu Kibiya.

Ta fito daga ofishin jakadanci an hana ta biza. Wai tafinta ya tambayi sunan wanda ya gayyace ta, ta ce "yaron nan". Aka maimaita, ta sunkuyar da kai.

Na ce, "Haba Inna, suna fa kawai. Kin rusa mana komai."

Ta ce, "Sani, ɗan farina ne. Tun da na haife shi bakina bai kama sunansa ba. Kai da ka karanta komai, ai da ka gaya mini."

Har muka iso Rano, dab da gida, ban iya haɗa ido da ita ba.

Masanan biza, ku amsa mini nan a fili: in mun sake nema, za su karɓi sunan a rubuce, ko dole sai ta furta? Yaya yana kwance yana jiranta.