Ƙafar da Aka Riƙa Nuna wa Masu Kuɗi

Da na dawo gida daga karatu, sai aka sa ni a kwamitin gina sabon filin wasanni na jami'a, wai tunda na ga irinsu a waje. Na gani kam, amma ginannu na gani. Ban taɓa ganin yadda ake tara kuɗinsu ba, kuma ban gamsu cewa jami'ar da rufin ɗakin karatunta ke yoyo tana bukatar fili mai rumfa da kujeru masu launi ba. Na bar shakkata a ciki, ina zuwa taro ina gyaɗa kai. Mutum ɗaya ne na san bai taɓa shakka ba, shi ne Mai Tsalle.

Shi ke kula da ɗakin ajiyar kayan wasa, wani ɗaki mai warin roba da danshi a ƙarƙashin tsohon benen 'yan kallo. Ƙwallaye na cikin buhu, ragogi rataye a ƙusa, famfon iska a bakin ƙofa. Sunan ya samo shi ne tun yana ɗalibi, lokacin da babu wanda ya kai shi dogon tsalle. Wata rana ya dira a ramin yashi, ashe bakin simintin ya fashe, yashi ya rufe shi. Gwiwarsa ta dama ta tarwatse. Bai ƙarasa karatun ba. Jami'a ta ba shi mukullin ɗakin nan, a nan gashinsa ya yi fari.

Ɗalibai sukan tsokane shi. "Baba, yau za a yi tseren da kai?"

"Ku ba ni ƙafa ɗaya aro, ku ga yadda ake barin yara a baya," yakan ce, yana jan ƙafar zuwa wurin famfo.

'Yarsa ta shigo jami'ar a shekarar da aka kafa kwamitinmu. Barewa ake kiranta, kuma duk wanda ya ga gudunta bai tambayi dalili ba. Hanyar tseren ta jar ƙasa ce, duk ramuka. Kullum da safe uban yakan riga ta zuwa da shebur, ya cike ramukan, ya daddanna da ƙafar mai lafiya, sannan ya busa mata usur.

Shugaban kwamitinmu, wani farfesa mai son aiki da gaske, shi ya lura cewa zanen gini ba ya motsa kowa. Mun yi ta nuna wa tsofaffin ɗalibai hotuna a allo, suna hamma. Sai ya gayyato Mai Tsalle wani taro a zauren otal, ya ce ya ba da labarinsa. Ya bayar, a taƙaice, sannan ya sunkuya ya naɗe wandonsa. Gwiwar ta karkace, ɗinkin ya bar tabo kamar an ja ƙarfe mai zafi. A ranar aka yi alkawuran da ba a taɓa yi ba.

Daga nan ba mu sake zuwa taro ba tare da shi ba. Har aka saya masa wando mai faɗin ƙafa don ya yi saurin naɗuwa.

"Malam, ɗan ƙara ɗagawa, na baya ba sa gani," farfesa yakan raɗa masa.

Na tambaye shi a mota ko abin ba ya damunsa. Ya ce, "Ɗana, wannan ƙafar ta daɗe ba ta yi wa kowa aiki ba. In za ta samar wa yarinyata hanya mai laushi, a yi ta kallonta."

Alkawari ya yi yawa, abin da ya shigo hannu kuwa bai kai ya gama ginin ba. Ɗan kwangila ya ce haka masu bayarwa suke, ba sa sakin hannu sai sun ga ƙura ta tashi. A rusa tsohon filin, a haƙa tushe, sauran zai biyo baya. Na tambaya ina ɗalibai za su yi atisaye kafin nan. Ban yi tambayar da ƙarfi ba. Kafin kowa ya amsa, Mai Tsalle ya miƙe daga kujerarsa ta bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, a rusa. Filin nan ya ci ni, ba zan zauna ya ci 'yata ba."

Shi aka ba guduma ranar fara aikin. Ya nufi bakin ramin yashin, ya yi ta dukan simintin har sai da aka riƙe shi.

An haƙa, an kafa ginshiƙai, sannan aiki ya tsaya. Kamfanin da ya yi alkawari mafi girma ya sauya masu shi, sababbin suka ce ba su san zancen ba. Sauran masu bayarwa suka koma jiran juna. Rodi ya yi tsatsa a saman ginshiƙai, ruwan sama ya cika ramukan tushe, kwaɗi suka tare. Hoton sabon filin da aka manna a jikin kwanon da ya kewaye wurin ya koɗe. An kwashe kayan wasa zuwa wata kwantena a bayan ofishin gyare-gyare, can Mai Tsalle ya koma zama.

Barewa ba ta daina gudu ba. Akwai gasar jami'o'i a gabanta, sai ta koma titin bayan ɗakunan kwanan ɗalibai. Titin yana da wata kwana da ba a hango abin da ke tahowa. A nan uban yakan tsaya da usur ɗinsa, ya tsayar da ababen hawa in ta taho.

Wata safiya aka ce wani attajiri zai biyo ta ofishin farfesa a gurguje, a kawo Mai Tsalle. Ni na je na ɗauko shi daga kwanar nan. Ya ce wa 'yar ta jira ya dawo. Ta ce, "Baba, sai ka ce jaririya? Je ka nuna musu ƙafarka, ni ma in nuna wa titi tawa." Suka yi dariya.

Yana tsaye a ofis, wando naɗe, aka bugo waya. Mai babur ne ya shigo kwanar da gudu, ya buge Barewa. Ƙashin ƙaurinta ya karye wuri biyu, an sa ƙarfe. Likita ya ce za ta yi tafiya. Da uban ya tambayi gudu, likitan ya juya yana duba hoton ƙashin.

Bayan wasu watanni kwamiti ya sake zama don farfaɗo da neman tallafi. Wani ya ce, cikin sanyin murya, labarin ya fi ƙarfi yanzu: uba da 'ya, fili ɗaya. In za su zo tare, babu zuciyar da ba za ta karaya ba. Babu wanda ya musa. Aka ce ni na fi sabawa da gidan, ni zan kai saƙon.

Na same su a falo. Barewa na kan doguwar kujera, ƙafar miƙe bisa matashi, sandunanta jingine da bango. Takalman gudunta suna saman kabad, an ɗaure igiyoyinsu wuri ɗaya. Mahaifiyarta ta ajiye mini ruwa, ta amsa gaisuwata ba ta dube ni ba, ta koma ciki.

"Yaya, ka zo ɗaukar Baba ne?" Barewa ta tambaya. "Ku bi a hankali, shi kaɗai ya rage mai iya tafiya da sauri a gidan nan."

Uban bai yi dariya ba. Ya ja ni waje, muka zauna a kan benci. Na faɗa masa saƙon yadda aka ba ni. Ya daɗe yana shafa gwiwarsa ta saman wandon nan mai faɗi.

Na ce, "Baba, me zan faɗa musu?"

Ya ce, "Ka ce ni zan zo, duk inda suka kira ni. Ni na ce a rusa, dole in tsaya har a gina, don akwai 'ya'yan wasu a kan titin nan. Amma ƙafa ɗaya gidan nan ya bayar don kallo, ba za a ƙara ba."