Irin Da Na Zaɓa Wa Auta

Ni dai a aji uku na firamare na ajiye biro, amma sai da na yanke hukunci a kan kwamfuta, kuma aka bi. Wautar ke nan, ga yadda ta faru.

Autata tana shekarar ƙarshe a jami'ar nan tamu ta Wudil, aka ce kowa ya ƙirƙiro abin da zai nuna wa malamai kafin a sallame shi. Ita ta ce dara za ta sa a kwamfuta. To ni a Sabon Gari an san ni da dara, ko da yake an fi sanin bakina. Kullum bayan la'asar sai ta zaunar da ni, in tona gurabe a tsakar gida, ina kasa 'ya'yan dara tana tambaya: "Baba, me ya sa ka ajiye nan?" Wai za ta yi abokan karawa biyu a cikin wasan, ɗan koyo da gwani, kuma gwanin da dabaruna zai riƙa ci. Kaina ya fi tukunyar biki girma.

Wata rana na ga ta yi tagumi. Ta ce kafin ta zurfafa sai ta zaɓi uwar manhajar da za ta riƙe kwamfutar. Akwai irin na kyauta, wanda kowa ke iya buɗe cikinsa ya gyara, amma sun yi yawa kamar wake a kasuwar Juma'a. Biyu ta ware. Ɗaya dattijo ne, sai ya shekara bai sauya komai ba. Ɗayan kuwa kusan kullum sai ya sabunta kansa, sababbin kayan aiki duk shi ke fara samu, sai dai yakan yi tutsu.

"Wanne gwanaye ke riƙewa?" na ce.

"Suna son na biyun, Baba. Amma ni na farkon..."

Ban bari ta ƙarasa ba. Washegari na kai maganar majalisarmu ta dara, wurin tsofaffin da waya ma sai an danna musu. Mai shayi ya ce abin kyauta duk ɗaya ne, ramin ƙarya. Wani tsohon direba ya ce mota ma sabuwa ta fi. Ni kuwa na riga na faɗa musu cewa 'yata irin na gwanaye take aiki da shi, to ina zan janye? Na dawo gida na ce, "Auta, ɗauki mai sabuntawar nan. Gidanmu ba a baya muke ba."

Ta dube ni, ta ce, "To, Baba."

Aiki ya yi ta tafiya lafiya har ana saura kwanaki kaɗan ta je gaban malamai. Ran nan da hantsi abin ya sabunta kansa kamar yadda ya saba, ta kunna, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin, sai wasu 'yan rubuce-rubuce farare kamar kashin tsuntsu. Na ce ta ɗan bubbuga shi, rediyona haka yake ji. Ba ta ko ɗago ba.

Ta yi fama har ta gaji, daga ƙarshe ta share komai ta sa dattijon da ta so tun farko. Ta dai ajiye kwafin aikinta a wani wuri, amma tsohon kwafi ne, kafin ta gama gwanin. Lokacin sake shi kuma babu. Haka ta je da dara mai ɗan koyo kaɗai, wanda ko jikana mai shekara shida yana lallasa shi. Ta ci jarrabawar, amma da ƙyar, makin da take hari ya kuɓuce mata.

A majalisa na ce wutar lantarki ce ta ɓata aikin. Suka yarda, don ba wanda bai taɓa shan wahalarta ba.

Da damina ta kawo kai, ina tsakar gida ina fitar da irin geron da zan kai gonata ta Ɗankaza, irin da na gada wajen mahaifina, wanda malaman gona suka gaji da roƙona in sauya. Uwar yaran tana tankaɗe, ba ta ko kalle ni ba ta ce:

"Malam, ba za ka gwada irin na gwanaye ba? Ai gidanmu ba a baya muke ba."