Kunyar da Ta Kawo Ni Doha

Lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da ajiye kakin soja ba. Ɗan Zangon Kumasi ne ni, kuma duk shekarun da na yi a bariki direba ne: in kai buhunan shinkafa, in ɗauko manya, in wanke mota. Ƙasa tana zaune lafiya, ban taɓa harba bindiga ba sai a filin atisaye. Abokaina na unguwa har tsokanata suke yi wai sojan tuwo. Ina taya su dariya, amma abin yana ci mini rai.

Matata tana da tsohon ciki aka ce wata ma'aikatar gwamnati za ta ɗauki direbobi, kuma tsofaffin sojoji za a fara dubawa. Ba abin da nake so kamar in samu aikin nan, in zauna gida abin da za a haifa ya tashi a gabana. Ranar ganawa sai na zauna kusa da wani bawan Allah da ya je aikin kwantar da tarzoma a wata ƙasa ya dawo yana ɗingishi. Ya ba ni labarin abokansa da ba su dawo ba. Da aka kira ni aka tambayi aikin da na taɓa yi, sai na ji nauyin haɗa kafaɗa da mai ɗingishin, na ce tuƙi kawai, ban ambaci soja ba. Ban yi ƙarya ba, amma na haɗiye rabin gaskiya. Ba a ɗauke ni ba, bayan suna da kaɗan na taho Doha.

Wata Juma'a da yamma muna shan iska a bakin teku, a Corniche, muna kallon jiragen ruwa na katako, wani ɗan garinmu sabon zuwa yake gaya mini an ɗauki mai ɗingishin, an kuma ɗauki wanda yake dafa mana abinci a bariki. Ashe gurbi ya ishe mu duka, ba wanda aka tambaya ko ya je yaƙi. Sai ya dafa ni ya ce khalas, wato ya wuce, in bar wa Allah.

Alhamdu lillahi, ban taɓe ba. Motar 'yan makaranta nake ja a unguwar Mesaimeer, kafil ɗina, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zamana, mutumin kirki ne, har Umra na yi. Sammakon da bariki ta koya mini shi nake cin amfaninsa, raina kuwa a kwance yake. Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwana da suka sa kaki lokacin zaman lafiya: wanda ya tsaya gadi ba a kawo hari ba, shi ma gadi ya yi. In an tambaye ku, ku faɗa, kada kunya ta cuce ku. Ni kullum da safe ina kai 'ya'yan mutane makaranta, na san sunan kowannensu. Tawa 'yar ta shiga aji ɗaya bana, maƙwabci ne yake kai ta a babur.