Almakashin Lami da fuskar dapite

Duk matar da ta taɓa saka atamfar siyasa a unguwar Banifandou ta san Lami tela. 'Yar Maradi ce, ta biyo mijinta Yamai lokacin da aka ba shi aiki a ma'aikatar ruwa. Da ya rasu, keken ɗinki ne ya riƙe mata gida. Ni maƙwabciyarta ce, kuma ƙarar keken nan ke tashina kafin ladan.

Abin da ya fitar da sunanta shi ne ba ta yanka fuska. Atamfar zaɓe tana zuwa da hoton ɗan takara, kuma in tela ya yi sakaci kunne ya tafi hannun riga, hanci ya shige hammata, to ya sayi rigima. Lami kuwa sai ta juya yadi ta sake juyawa har fuskar ta zauna daram a ƙirji.

Fuskar da ta fi sani ita ce ta Alhaji Dauda Mai Albasa. Ta ɗinka shi yana siriri yana neman kujerar konsaye, wato kansila, ta ɗinka shi da kumatu da ya zama dapite, ɗan majalisar dokoki. Takan ce ta fi matarsa sanin inda gemunsa ya ƙare. Mutum ne mai sakin hannu, tirelolinsa na kai albasa har bakin teku, kuma babu wanda ya tambayi abin da suke dawowa da shi.

Da aka sa ranar auren autarta Samira, dapite ya aiko da bandir-bandir na atamfarsa a yi anko. Lami ta yi rawa a tsakar gida, ta ɗinke wa dangi da mu maƙwabta kaf.

Biki saura kaɗan rediyo ya kawo labari. Kotu ta ɗaure Alhaji Dauda: ashe ƙwayar tramol yake shigowa da ita ƙarƙashin buhuna, shi da wata ƙungiyar 'yan fasa ƙwauri. Ƙwayar nan ce ta lalata ɗan Hamsatu mai ƙosai, har ya koma yawo ba takalmi.

Hamsatu ta zo da rigarta a leda ta ajiye kan keken.

"Lami, ina ƙaunar Samira, amma ba zan ɗora mutumin nan a ƙirjina ba."

Kafin la'asar riguna sun taru tsibi. Samira na kuka, don babu halin sayen wani anko, ga dangin ango suna tafe daga Tahoua.

Lami ta ɗauki almakashi. Ta ba ni tausayi, domin tun da take ɗinki ba ta taɓa yanka fuska ba. Ta yi bisimilla, ta zagaye fuskar ta cire. Ta biyu ba ta yi mata wuya ba. Ta goma kuwa har da waƙa. Kowane rami ta cike shi da shuɗin yadi, ta bi shi da surfani, sai ga riga ta fi da kyau. Matan Tahoua har tambaya suka yi a wace kasuwa ake samun irinta.

Fuskokin da ta cire suka cika kwando, kuma Lami ba ta zubar da ƙyalle. Ta ninka su ta ɗinke, ta kai wa masu girkin biki su riƙa sauke tukunya.

Hamsatu ce kan tukunyar miya. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, suka kalli juna ita da dapite har miya ta fara kamawa. Sannan ta naɗe hannunta da shi ta kama bakin tukunyar.

"Yau dai," in ji ta, "shi zai ƙone, ba ni ba."